Tsohon Teburin Akawu: A Ji Labarinsa Kafin A Shafa Masa Fenti



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata ɗabi'a da na ga ta fara shiga ran matasanmu, kuma ɗabi'a ce mai kyau. Yaro zai shiga zaure ko ɗakin ajiyar tarkace na gidansu, ya jawo wani tsohon tebur da ƙura ta lulluɓe, ya kankare shi, ya sayo gwangwanin fenti, kafin kwana uku sai ka ga tebur ya fito fes, an ɗora masa littattafai ko kwamfuta. Wasu ma sun mai da abin aikin hutu, suna bin gidaje suna sayen tsofaffin tebura da araha, su gyara su sayar. To madalla, wannan ya fi zaman kashe wando. Amma fa akwai wani hanzari ba gudu ba. Da yawa daga cikin teburan nan sun girmi masu gyaran nasu da shekara arba'in ko hamsin, kuma a jikinsu akwai shaidar yadda iyayenmu suka zo wannan ƙasa da irin aikin da suka yi. Fenti kuwa ba ya tambaya, abin da ya tarar shi yake rufewa.

Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarna, shi ya sa nake magana. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wani tebur mai durowa biyu wanda ya yi aikin awon gyaɗa a kansa. Da aka tashi bikin ƙanwata sai na ga ya yi muni a zaure, na kira wani yaro na ce ya kankare shi ciki da waje ya shafa masa shuɗin fenti. Sai da aka gama, yayarmu ta zo ta jawo durowa ta leƙa, ta dube ni ta ce, "Kai, ina lissafin Baba?" Ashe a gindin durowar nan akwai rubutunsa da fensir, wani da ajami wani da boko, inda yake rubuta bashin da ya bayar da ranar haihuwar kowane ɗayanmu. Ban taɓa leƙawa ba. Yau tebur yana nan da shuɗinsa, amma rubutun ya tafi ke nan.

Kafin Zuwan Tebur

Ya kamata mu tuna cewa rubutu ya daɗe a wannan ƙasa kafin a san wani abu wai shi tebur. Nguru tsohon gari ne a daular Barno, nan ne mazaunin Galadima, wanda yake riƙe wa Mai yammacin ƙasar. Barno kuwa kowa ya san ta da karatun Alƙur'ani da kyan rubutu. Malami yakan zauna a kan buzu ko tabarma, ya ɗora takarda a kan gwiwarsa, kurtun tawada yana gefe, alƙalamin kara yana hannu. Tawadar ma a gida ake haɗa ta, da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro. Takardar kuwa fatake suke kawo ta ta hamada daga Tarabulus, yawancinta ƙirar ƙasar Italiya ce, mai alamar jinjirin wata guda uku idan ka ɗaga ta a haske. In an gama rubutu sai a sa shi a gafaka a rataye. Almajiri shi ma allonsa yake dafawa a cinya, wanda galibi da itacen aduwa ake sassaƙa shi.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ba a yi tebur ba, wato rashin katako. Dubi itatuwan da Allah ya hore wa ƙasarmu: goruba, aduwa, bagaruwa, kuka, tsamiya, ƙaro. Da su ake samun azara da turmi da ƙota da kujerar mata 'yar tsugunne, duk aikin gizago ne na masassaƙa. Amma faffaɗan katako wanda aka tsaga da zarto, mai tsawon taƙi shida ko bakwai a miƙe, wannan sai an kawo shi daga kurmi. Kafin a sami hanyar kawo shi kuwa, sai da jirgin ƙasa ya iso.

Jirgi Ya Kawo Mutane, Ya Kawo Katako

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Daga nan Turawa suka ga akwai gyaɗa da fatu da shanu a gabas, sai suka ja reshe ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya zo ya tuƙe a Nguru a wajajen 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Gaskiya ne Hausawa sun riga jirgi zuwa nan, domin fatake sun daɗe suna bin wannan hanya neman kanwa da gishirin Manga. Amma bayan jirgi ya zo ne aka yi tururuwa, daga Kano da Haɗeja da Gumel da Katsina da Daura, har da Damagaram. Wani ya zo dako, wani dillanci, wani fawa, wani ɗinki, wani kuma karatu ya kawo shi ya zauna. Mutanen gari, Mangawa da Barebari, suka karɓe su aka zauna lafiya. Sunan unguwar Hausari kaɗai ya isa shaida.

Da yake Nguru ita ce ƙarshen layi, sai ta zama matattarar kayan arewacin Barno da na kudancin Nijar: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, auduga, shanu, busasshen nama da bandar kifi. Manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt su ne suka riƙe cinikin amfanin gona a Arewa a wancan zamani, kuma suna aiki ne ta hannun wakilai 'yan ƙasa. Mafi shahara a cikin irin waɗannan wakilai shi ne Alhasan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955. Daga 1949 kuma aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda take yanke farashi tana ba masu saye lasisi. To duk inda aka kafa sikeli, dole a sami mai rubuta nauyi da kuɗi, kuma mai rubutun nan ba zai iya riƙe babban littafin lissafi a kan gwiwa ba. Nan tebur ya shigo.

Taragun da suka tafi kudu da gyaɗa ba su dawo wayam ba. Sun dawo da atamfa da kananzir da goro da kwanon rufi, sun kuma dawo da katako. A cikinsa akwai loko, wanda 'yan katako suke kira iroko, mai nauyi ne kuma gara ba ta cika son sa ba. Akwai jan katako dangin maɗaci, akwai kuma farare marasa nauyi irin su obeche, masu sauƙin aiki amma ƙwaro yana saurin cin su. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin UAC ya kafa babbar masana'antar katako a Safele, daga nan falankin nan da ake mannawa hawa-hawa ya yawaita a kasuwa. Kafintocin farko da akawunan farko da yawansu mutanen kudu ne, Yarabawa da Inyamurai, kuma a hannunsu yaranmu da dama suka koyi riƙon zarto da guduma. Saboda haka in ka ga tsohon teburin loko a wani zaure a Bulabulin ko Hausari, ka sani hanyar da ta kawo kakanka ita ta kawo shi.

Gashuwa kuma nata labarin ya ɗan bambanta. Tsohuwar hedkwatar Bade ita ce Gogaram, sai a 1946 aka mai da sarauta Gashuwa, a bakin kogi kuma a kan hanyar mota. Komawar Mai Bade ta jawo ofisoshin En'e gaba ɗaya: baitulmali, kotun alƙali, ofishin haraji, makaranta da ɗakin shan magani. Kowannensu yana bukatar tebur da kujera da kabad. Kasuwa ta buɗe, baƙi suka ƙaru, har ga shi yau akwai mazaɓar da ake kira Sarkin Hausawa a cikin gari, ga kuma Zango.

Waɗanda Suka Zauna A Bayansa

Ba tebur ɗaya ba ne, kuma mai ido yana iya bambance su. Na farko shi ne teburin akawun kanti ko malamin awo. Shi yakan yi ƙarfi, da durowa mai makulli saboda kuɗi, kuma gefen da manoma suke tsayawa yakan sha hannu har ya yi santsi. Na biyu teburin En'e, na ma'aji ko magatakarda ko malamin haraji da jangali ko muhutin alƙali. Shi ya fi faɗi, wani lokaci akan sami lamba ko haruffan ofis a ƙarƙashinsa, domin kayan hukuma a lissafe suke. Na uku bencin makaranta mai haɗe da abin rubutu, mai ɗan rami a sama inda ake sa kwalbar tawada, kafin biro ya zo ya kashe wannan ramin. Na huɗu kuma, wanda aka fi mantawa da shi, ɗan ƙaramin teburin mai rubuta wasiƙa, wanda yake zama a bakin gidan waya ko ƙofar kotu.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Mu baƙi ne, danginmu suna nesa. Kafin wayar hannu, idan aka yi haihuwa ko rasuwa, ko mutum yana son ya aika wa tsohuwarsa kuɗin cefane a Kano, wurin mai rubuta wasiƙa zai je, ya durƙusa ya faɗi sirrinsa, a rubuta a karanta masa, ya biya kwabo ko sisi. Ƙarar gado da takardar sayen gida da yarjejeniyar bashi duk a kan irin wannan tebur aka rubuta su. Ko da aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, manya suka shiga ajin dare suna haɗa baƙi da wasali don su karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu, mai wasiƙa bai rasa ciniki ba.

A jikin teburan nan za ka ga zamani yana canzawa. Lissafin da aka yi da fam da sule da kwabo, inda kwabo 12 suke sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya, to an yi shi ne kafin 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta fito aka canza fam ɗaya a kan naira biyu. Tambarin da ya ce Lardin Barno na zamanin Jihar Arewa ne. A 1967 muka koma Jihar Arewa Maso Gabas, a 1976 Jihar Barno, sannan a ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Ɗan guntun takarda da ya maƙale a bayan durowa yana iya gaya maka shekarun tebur fiye da yadda mai shi zai iya tunawa.

Yadda Suka Koma Zaure

To yaya aka yi kayan ofis da na kanti suka ƙare a gidajenmu? Abubuwa ne suka taru. A 1964 hanyar jirgi ta isa Maiduguri ta Bauci da Gombe, sai kayan Barno da yawa suka daina biyowa ta Nguru. Rikicin 1966 ya sa mutanen gabas da dama suka koma gida, wasu suka sayar da kayansu cikin gaggawa, wasu suka bar wa maƙwabta amana. Sai ga farin 1972 zuwa 1974, sai cutar da ta hallaka gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Sikeli ya rasa abin awo. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta zama tarihi, aka shigo da teburan ƙarfe da masu fomeka, aka yi gwanjon tsofaffin ko aka jibge su a sito. A 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Haka tebur ya bi mai shi gida ya yi ritaya, aka ɗora masa tulu ko buhun gero, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa.

Wanda ya tsira har yau ya tsira daga abokan gaba uku. Akwai gara, wadda take shiga ta ƙafa ta cinye ciki ta bar ɓawo. Akwai hunturu, da yake busar da katako har ya tsage, sannan damina ta zo ya kumbura, shekara da shekaru har gaɓoɓinsa su saki. Na uku kuwa mu ne da kanmu, ranar da itacen girki ya yanke.

In Za A Gyara

Ban ce kada a gyara ba. Teburin da aka gyara ana amfani da shi ya fi wanda aka bar wa gara nesa ba kusa ba. Roƙona shi ne a bi abin a hankali, kuma ga abin da na koya bayan na yi tawa asarar.

Da farko a fitar da shi haske, a zare durowa duka, a kifa shi a duba ko'ina. Duk rubutu ko lamba ko tambari da aka gani a ɗauki hotonsa da waya, a kuma kwafe shi a takarda. Sannan a tambayi tsofaffin gida, musamman iyaye mata, domin su ne suka fi riƙe irin wannan labari: na wane ne, a ina ya yi aiki, wa ya ƙera shi.

Na biyu, a fara da wanki kafin kankara. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya isa, kada a kwarara masa ruwa. Sau da yawa abin da ake zato lalacewa ce datti ne kawai, da an goge sai jan katako ya bayyana. Tsofaffin kafintoci sukan shafa wani man sheƙi da ake yi da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya. Ana gane shi idan aka ɗiga masa sifirit a wani lungu, sai ya yi laushi ya yi danƙo. Irin wannan ba ya bukatar kankara, ana iya farfaɗo da shi a ƙara masa sabon shafi.

Na uku, in dole sai an goge da takardar yashi, a yi da hannu, a bi tsawon jijiyar katako, kada a gitta. A taɓa sama da gefuna kawai. Cikin durowa da ƙarƙashin tebur a bar su yadda suke, ba mai ganin su sai wanda ya nema. Tabon tawada da wurin da gwiwar hannu ta cinye, ni dai a ganina ado ne, a ƙyale su.

Na huɗu, ƙafar da take girgiɗi kada a cika ta da ƙusa mai inci huɗu, tsage ta za a yi. Aikin da, huda katako ake yi a zura wani a ciki. A zare shi, a kankare tsohon gam, a sa sabo, a ɗaure da igiya ya kwana. Inda aka ga garin katako yana zubowa daga ƙananan ramuka, ƙwaro yana ciki, a sa masa maganin ƙwarin katako kafin a ci gaba. Baƙin man mota da wasu suke shafawa don gara yana ɓata katako har abada, fenti ma ba ya kama shi daga baya. Man gyaɗa kuma ba ya bushewa, sai dai ya yi wari ya tara ƙura. Man da ya dace shi ne wanda masu sayar da fenti suke kira linsid, amma tsumman da aka shafa shi da shi kada a dunƙule a jefar a lungu, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a jiƙa shi da ruwa.

Na biyar, a yi hattara da tsohon fenti. Fentin mai na da, da yawansa akwai dalma a ciki, har Amurka ta hana amfani da irinsa a gidaje tun 1978. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Saboda haka a yi kankara a waje, a jiƙa wurin don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, a kori yara da mata masu ciki, a share wurin tas bayan an gama.

Na shida, a zaɓi lokaci. Da damina fenti ba ya saurin bushewa, da hunturu kuma hazo yana manne masa. Kaka ta fi, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko. Shafi biyu ko uku marasa kauri, ana bari kowanne ya bushe, sun fi shafi ɗaya mai kauri. Teburin falanki ko na farin katako wanda ya riga ya sha jiki, wannan a yi masa fenti kowane launi ake so. Amma loko da jan katako, haba, rufe su da fenti kamar a sa wa dokin sarki buhu ne a maimakon jalala. In an gama a ɗora ƙafafunsa a kan dutse ko siminti, kada su taɓa ƙasa, a kuma janye shi daga jikin bango.

Shawara Ga Ƙungiya

A ƙarshe ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, a Nguru da Gashuwa duka. A sami littafi guda, a ɗora wa matasa biyu ko uku aikin zagayawa gidajen 'yan ƙungiya. Duk inda aka sami tsohon tebur, ko akwatin ƙarfe na akawu, ko sikeli, ko tafireta, a ɗauki hoto, a rubuta sunan mai shi na asali, garin da ya fito, shekarar da ya zo da sana'ar da ya yi. Ba a ce kowa ya ba da kayansa ba, labarin kawai ake so. Ɗalibanmu da suke Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Ilimi ta Umar Sulaiman, za su iya taimakawa, wataƙila ma wani ya sami abin rubuta kundinsa a ciki. Dattawan da suka ga zamanin awon gyaɗa da idonsu saura kaɗan, kuma kowace shekara raguwa suke yi. In za a yi, bana ya kamata a fara.

Ku kuma samari masu wannan aiki, Allah ya yi muku albarka, ku ci gaba. Abu ɗaya na roƙe ku: in kun gama gyara, ku ɗauki fensir ku rubuta a ƙarƙashin tebur, kusa da rubutun na da in akwai, sunan mai shi na farko da naku da shekarar da kuka gyara. Wanda zai jawo shi daga zaure nan da shekara hamsin zai gode muku.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.